Ƙannena 'Yan Ci-rani, Ku Shiga Dajin Lekki

Da zarar an girbe gero an kai dammuna rumbu, an gama roron wake, sai Mashi da ƙauyukanta su fara ragewa da samari. Daga Doguru, daga Majigiri, daga Tamilo, kowa ya ɗaure 'yar jakarsa. Wasu su bi tirelar shanun da ke tasowa daga kasuwar Mai'aduwa, su kwana a saman katako iska na dukansu har Agege, wasu su je Katsina su hau bas. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Can a Ikko, wato Legas, ku ne 'yan dako a kasuwar Mile 12, ku ne masu gadin gidajen Lekki da Ajah, ku ne masu shayi da masu wankin takalmi da masu tura ruwa. Kafin dokar hana acaɓa ta ranar 1 ga Yunin 2022 ta faɗa kan ƙananan hukumomi shida har da Eti-Osa, baburan unguwar ma a hannunku suke. Duk sana'o'in nan na halal ne, da su ake sayen taki da damina, da su ake yi wa ƙanne kayan ɗaki, Allah Ya yi musu albarka.

Abin da ke damuna daban ne. Yaro zai yi rani bayan rani yana gadi a bakin titin da ya tashi daga Lekki zuwa Epe, in ya dawo ka ce masa me ka gano mana, ya ce gadoji da benaye da cunkoson motoci. Alhali a kan wannan titin, daura da mahaɗar da ake kira Chevron, akwai wata ƙofa da yake wucewa kullum, bayanta kuma daji ne na gaske, da ruwansa da birai da kadoji. Shawarata gare ku ita ce ku ware yini ɗaya daga cikin raninku ku shiga. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma sai ga matafiyin da ya buɗe ido.

Sunan wurin Cibiyar Kiyaye Muhalli ta Lekki. Gidauniyar NCF ce ke da ita, wadda Cif S. L. Edu da abokansa suka kafa a 1980 don kare dazuzzuka da namun dajin Nijeriya. A 1990 aka kafa cibiyar da tallafin kamfanin mai na Chevron, a fili mai faɗin hekta 78. Bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, gonakin ƙauye guda a wajenmu sun fi shi. Lekki kuwa wani dogon zirin ƙasa ne mai yashi, tafkin Legas ta arewa, tekun Atlantika ta kudu. Da can duk fadama ce da kurmi da ƙauyukan masunta. Sai aka yi ta kwaso yashi daga gindin ruwa ana cike fadamun ana ɗora gidaje, har aka kai ga tashar jiragen ruwa da matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a 2023 can gaba a Ibeju-Lekki, ga kuma sabon titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024. A wannan yanki taku ɗaya na fili kuɗi ne tsababa. Duk da haka hekta 78 ɗin nan suna nan yadda aka same su, domin wasu mutane sun kewaye su tun da sauran dama, kuma ba su daina gadinsu ba.

Ku je da sassafe, kuma in da hali a tsakiyar mako, don Asabar da Lahadi da ranakun hutu wurin cika yake da 'yan yawon buɗe ido da ɗaliban makarantu. Lokacin ci-raninku, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne ya fi dacewa, ruwan sama ya yi sauƙi. Ana biyan kuɗin shiga, gadar saman da ke cikin dajin kuma, wadda za mu zo kanta, tikitinta daban; ku tambayi farashi a ƙofa, in ya yi wa mutum ɗaya nauyi ku haɗa ɗan adashi tsakaninku 'yan ɗaki, wannan mako biyu su je, mako mai zuwa wasu biyu, yadda ba za a bar bakin aiki ba kowa. A nemi izinin maigida tukuna. A sa takalmi rufaffe a ajiye silifa, a riƙi ruwan sha.

Kuna shiga za ku hau wata hanya ta katako da aka ɗora bisa turaku, ta ratsa cikin fadama. Nan nake so ku rage sauri. Ɗan Mashi da ya tashi inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 500 da 700, ga shi yau a ƙasar da ke samun fiye da 1,500. Ku leƙa ƙarƙashin katakon. Ruwan a kwance yake, baƙi wuluk kamar shayin da ba a sa wa madara ba, kuma ba datti ya mai da shi haka ba, ganyen da ke zuba yana ruɓewa a ciki ne ya rina shi. Ku ɗaga kai: rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Ga tukurwa tsaye da ƙafarta cikin ruwa, ita ce uwar gwangwalar da ake kawo mana a yi gado da rufin rumfa, da yawanku kun kwanta a kanta tun kuna yara ba ku taɓa ganin ta da rai ba. Ga kwakwar manja, ga igiyoyin kurmi sun sarƙe bishiya da bishiya. Iskar ma nauyi gare ta, tana ɗauke da ƙanshin laka da danyen ganye.

Birai ne za su fara tarbar ku. Irinsu ana ce masa mona, kuma ya bambanta da jan birin da ke ɓarna a gonakinmu. Bayansa ja-ja ne mai duhu, ƙirjinsa fari tas, da wani farin zane a goshi da ɗigo biyu farare a gindin wutsiya. Ku tsaya ku kalli yadda yake cin abinci: yana da aljihu a kumatu, sai ya yi ta cusa 'ya'yan itace har fuskar ta kumbura, sannan ya haye reshe ya zauna yana fiddowa ɗaya-ɗaya. Ƙwallon da ya yar a can nesa shi ne bishiyar gobe, da haka kurmin ke shuka kansa. Biran nan sun saba da mutane fiye da kima. Da sun ji ƙarar leda sun sauko, kafin ka ankara an fizge biskit ɗin da ke hannunka. Kada ku ba su abinci, kada ku tsokane su, kada a miƙa hannu don a ɗauki hoto. Birin da aka saba wa biskit ya daina neman abincinsa, ya koma ɗan ƙwace, ranar da aka hana shi kuma ya yi cizo, cizon biri kuwa sai an je asibiti an yi allurar rigakafin haukan kare.

Sauran dabbobin sai mai haƙuri. Akwai kada, akwai guza, akwai macizai, akwai gada da mazo, da tsuntsaye iri-iri, amma ba a keji suke ba. Wanda ya taɓa zuwa gidan zu na Audu Baƙo a Kano ya san can kowace dabba da ɗakinta da allon sunanta. Nan gidansu ne, in sun ga dama su fito, in ba su ga dama ba ka gama zagayenka ba ka ga ko wutsiya ba. Ayarin da ya shigo da waƙa a waya da ihu da shewa, birai kaɗai zai gani. Wanda ya kashe ƙarar wayarsa ya jingina da makarin katako ya yi tsit, shi ne zai lura cewa gungumen da ke gefen ruwa yana da idanu. Na san hannun yaron ƙauye: da ya ga tsuntsu a reshe sai ya fara laluben danƙo, da ya ga guza sai ya duba ina dutse. Ku danne wannan hannun. Ko ganye ba a tsinka a wurin, kuma ledar da ka shigo da ita da ita za ka fita.

Sai gadar sama, wadda saboda ita akasarin mutane ke zuwa. Tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ya kai mita 22 da rabi daga ƙasa, kuma ana lissafa ta a matsayin mafi tsawo irinta a Afirka. Siririya ce, faɗin mutum ɗaya, an rataye ta da igiyoyin ƙarfe daga hasumiya zuwa hasumiya, da raga a gefe da gefe. Tana lilo, duk takun na gabanka sai ka ji shi a gwiwarka. Ma'aikatan wurin suna ƙayyade yawan masu hawa a lokaci guda, ba sa barin ƙananan yara, in ana ruwa kuma a rufe. Ku bi abin da suka ce. Wanda ya san yana jiri ko yana da hawan jini ya tsaya ƙasa, babu abin kunya a ciki. Kuma don Allah kada wani ya girgiza gadar don ya tsorata abokinsa, wasan da babu dariya a ƙarshensa ke nan.

In kun kai ƙololuwa, ku bar ɗaukar hoto na minti ɗaya ku dubi nesa. Ƙarƙashinku kan bishiyoyi ne kore shar. Can gaba kaɗan koren ya yanke ƙat, rufin gidaje ya ɗauka har iyakar ganinku. Wannan layin da daji ya tsaya gari ya fara, shi nake so ku zo mana da shi gida a cikin kanku, domin mu namu dajin ba wanda ya ja masa layi.

Ku tambayi kakanninku abin da ke tsakanin Mashi da iyakar Nijar a zamanin ƙuruciyarsu. Za su lissafa muku barewa da gada da dila da zabin daji, za su ce kura na kuka a bayan gari, mace ba ta zuwa itace ita kaɗai. Farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, jama'a ta ƙaru, gona ta ci daji, ta ci burtali, gatari da buhun gawayi suka ƙarasa sauran. Dajin Rugu da ke yammacin jihar nan tamu ta Katsina, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, yau in an ambace shi ba namun daji ke zuwa wa mutum a rai ba. Gauraka, mai tukkun zinariya, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, yaro ɗan shekara 20 a garin nan da wuya ya taɓa ganin ta tana kiwo a fadama.

Ungulu ce ta fi tsaya mini a rai. Ba a daɗe ba kowace mahauta a ƙasar Katsina da Daura cike take da su, suna tsalle-tsalle a bayan mahauta ana kora. Yanzu ku je ranar kasuwa ku ƙirga. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa a duniya, ta sa irin ungulun garuruwanmu a sahun da ke bakin gaɓa. A ƙasarmu babban abin da ya cinye ta shi ne farautar kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu, da gubar da ake sa wa mushe. Mun raina ta don ƙazanta, alhali ƙazantarmu take kwashewa kyauta, cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Indiya ta ga abin da ke biyo baya: a shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru a cikin mutane.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta fi nauyi, kuma ku masu ci-rani a kudu ta fi shafa. A cikin masu baza kayan magani a kasuwannin kudu akwai namu, kuma a kan tabarmar wasunsu za ka ga kan ungulu, da fatar damisa, da kwalaben da ake cewa man ayu ne. Ayun nan dabba ce mai shayarwa da ke zaune a tafkin Legas da kogin Kwara da Binuwai, ciyawar ruwa take ci, ba ta cutar da kowa, ɗa ɗaya take haifa sai bayan shekaru ta sake. Haka ɗankunya, mai ɓawo a jiki, da ke naɗe kansa in ya ji tsoro, maharbi ya sunkuya ya ɗauke shi ba wahala. A watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Nijeriya, kowace da fiye da tan 12 na ɓawonsa. Wata rana wani zai zo muku da maganar ku ajiye masa buhu a ɗakin gadi, ko ku raka kaya tasha, ya ba ku abin da ya fi albashin wata. Ku ce a'a. Tun 1985 akwai dokar tarayya da ta haramta cinikin irin waɗannan dabbobi, an ƙara mata tsanani a 2016, kuma in aka yi kamu mai kayan ba ya wurin, ɗan aiken ake tasa wa ƙeya.

Ko babu doka, ai mun yi karatun allo. Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummu ne irinmu. Mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Addini ya halatta farauta don ci, bai halatta kisa don wasa ko don asiri ba.

In kun fito daga dajin da sauran rana, teku ba nisa. Ku je ku gan shi, ya cancanci gani, amma ku tsaya a kan yashi. Wanda ya iya iyo a kududdufin bayan gari ko a dam ɗin Sabke kada ya ɗauka ya iya teku. Gaɓar Legas tana da igiyar ruwa mai ja da baya, tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ruwan da bai wuce gwiwa ba ya kayar da ƙato ya tafi da shi. 'Yan arewa da dama sun tafi ta haka ranar yawon salla. A wannan gaɓa kunkurun teku ke fitowa da dare ya haƙa rami ya zuba ƙwai. In kun tarar an kama shi ana ciniki kada ku saya, ledar da kuka sha ruwa kuma kada ta shiga ruwan, haɗiye ta yake yi ta toshe masa ciki. Za ku kuma ji ana cewa teku na cin gari. Gaskiya ne, kuma da hannun mutum a ciki: tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa, suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai gaɓar Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Mu da rairayi ke binne wa shuka a farkon damina mun san irin wannan ciwon.

'Yan mata da ɗaliban sakandare da ba su da hanyar Ikko, ba a bar ku a baya ba. Fadamun Haɗeja da Nguru suna nan gabas da mu, a Jigawa da Yobe. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru a jerin Ramsar na dausayoyin da duniya ta damu da su, shi ne na farko a Nijeriya, kuma NCF ɗin nan ta Lekki tana cikin waɗanda suka fara aikin kiyaye su tun 1987. Da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tsuntsayen da suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai suke sauka a wurin dubbai, musamman wajen Dagona. Ku roƙi malamanku su shirya muku ziyara, bayan sun bincika lafiyar hanya.

Ku kuma da za ku dawo a watan Afrilu don sharar gona, ga aikin da ke jiran ku, ba ya cin ko sisi. Maƙwabtanmu na Maraɗi, Hausawa 'yan'uwanmu masu ƙasa irin tamu, sun riga mu. Tun 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoman yankin suka karɓi abin suka kira shi sassaben zamani, ya bazu har Damagaram, kuma an ƙiyasta cewa bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A ƙasar ta Nijar dai raƙuman dawan Kure, da suka ragu zuwa 49 a 1996, sun haura 600 saboda an hana taɓa su, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Yadda ake yi kuwa: in ka iske kututturen gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa ya yi toho, kada ka bi shi da gatari ka cinna wuta. Tsuguna ka duba rassan, ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka share ƙananan rassan gefe har rabin tsayi, ka ɗaura jan ƙyalle don a san da mai shi. Sannan ka je ka gaya wa maƙwabcin gona, da matan da ke itace, da Fulanin da ke shigowa da shanu bayan girbi, in ya yiwu a gaban mai unguwa, domin yawancin tohon da ke mutuwa ba fari ke kashe shi ba. In gawo ne ka dace ƙwarai: da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki a gindinsa, da rani kuma ya yi kore ya zubo 'ya'yan da awaki ke rububi, har a buhu ake sayar da su a kasuwa. Bayan wata uku ko huɗu ka koma ka sake rage sabon tohon da ya fito.